DARASI: In Abinci Ya Ƙare a Gida, Ina Za a Yi Sallama?

Da sunan Allah muke farawa, kuma gare Shi muke neman taimako. Godiya ta tabbata ga Allah, Mai ciyar da bayinSa rani da damina. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa ɗalibai maza da mata, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla a boko ko a ajami, darasinmu na wannan fitowa a kan tukunya yake. Watau gidan da gari ya waye babu abin ɗorawa, ina maigida zai nufa? Ina uwar marayu za ta nufa? Mu kuma da Allah ya rufa wa asiri yau, mene ne wajibinmu? Za mu ɗauki abin mas'ala-mas'ala kamar yadda muka saba a aji, sa'annan tambayoyi su biyo baya.

HALIN DA AKA SHIGA

Yunwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun ga wadda suka sa wa suna Kakalaba a 1914, iyayenmu kuma sun ga farin 1973. Waɗancan daga rashin ruwan sama suka zo. Wadda muka gani a shekarun nan kuwa, hatsi na nan jibge a Kasuwar Kawo da Bakin Dogo da Kasuwar Barci, kuɗin sayensa ne ya gagara.

Ran 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, darajar Naira kuma ta faɗi, sai kuɗin mota ya hau, komai ya bi shi. A watan Yuni 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a kan yadda take shekara guda kafin nan. Ma'ana, cefanen Naira 1,000 ya koma sama da Naira 1,400. A watan Nuwamba 2024, gwamnati da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi ƙiyasin cewa mutum kusan miliyan 33 a Nijeriya za su shiga matsananciyar yunwa tsakanin Yuni da Agusta 2025. Ga kuma manoman Birnin Gwari da Giwa da ƙauyukan Igabi da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu, da yawa suka shigo gari suka raɓa da dangi a Rigasa da Hayin Banki da sauran unguwanni. Gaskiya ne farashin masara da shinkafa ya sauko a 2025. To amma wanda ya riga ya cinye jarinsa, ko ya sayar da keken ɗinkinsa ya sayi gari, sauƙin kasuwa bai isa gidansa ba tukuna.

MAS'ALA TA FARKO: HUKUNCIN NEMA

Da yawa daga cikinmu sun haddace cewa roƙo abin ƙi ne. Haka ne. Hadisai sun tsoratar a kan wanda ya mai da bara sana'a alhali yana da abin da zai ishe shi, kuma ya tabbata a Buhari cewa mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar ya fi masa a kan ya riƙa miƙa hannu. Amma fa rabin karatun ke nan.

Ɗaya rabin yana cikin hadisin sahabi Ƙabisa ɗan Muhariƙ, wanda Imamu Muslim ya ruwaito. A ciki Manzon Allah (SAW) ya halatta nema ga mutum uku. Na farko wanda ya ɗauki nauyin biyan dukiya don ya sasanta mutane. Na biyu wanda annoba ta auka wa dukiyarsa ta cinye ta. Na uku wanda talauci ya kama shi, har mutum uku masu hankali daga cikin jama'arsa suka shaida cewa lalle wane ya shiga matsi. Waɗannan suna iya nema har su sami abin da zai tsai da rayuwarsu.

Kuma ya zo a Muslim cewa wata rana yunwa ta fitar da Manzon Allah (SAW) daga gida, ya haɗu da Sayyidina Abubakar da Sayyidina Umar, su ma abin da ya fito da su ke nan. Suka tafi gidan wani mutumin Madina, ya kawo musu dabino, ya yanka musu akuya. To in mafificin halitta ya faɗi cewa yunwa ce ta fito da shi, wane ne kai da za ka ce faɗin yunwa zubar da mutunci ne? Malamai sun ce wanda ya ji tsoron halaka a kansa ko a kan iyalinsa, kuma ba shi da wata hanya, nema ya zama wajibi a kansa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ku riƙe maganar nan ta shaidun mutum uku, domin ita ce ƙashin bayan darasin. Duk ƙofar da za mu ambata a ƙasa, ta masallaci ce ko ta gwamnati, wanda aka sani take buɗe wa. Taimako yana bin shaida. Shi ya sa mai yawan surutu a bakin layi yakan karɓa sau uku, mai kunya a cikin gida bai samu ko sau ɗaya ba. Aya ta 273 a Suratul Baƙara ta ja hankalinmu ga irin waɗannan masu kamun kai, waɗanda wanda bai san halinsu ba zai zaci mawadata ne. Sai an lura ake gane su.

MAS'ALA TA BIYU: ƘOFOFI SHIDA A JERE

Ƙofa ta farko, dangi. A nan akwai haƙƙi na wajibi, akwai na zumunci. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibnu Abi Zaid, wajibi ne miji ya ciyar da matarsa, uba ya ciyar da 'ya'yansa maza har su balaga suna masu iya nema, mata kuma har su tare a ɗakin miji, ɗa mai hali kuma ya ciyar da iyayensa matalauta. Ya ke 'yar'uwa da aka saka aka bar ki da yara, ki sani abincin yaran nan yana wuyan ubansu, saki bai sauke shi ba. Mai iddar sakin kome da mai ciki su ma suna da ciyarwa. A fara da manyan dangi da waliyyai. In ya ƙi alhali yana da hali, kotun shari'a tana da ikon yanka masa abin da zai riƙa bayarwa. Wannan karɓar haƙƙi ne, ba tona asiri ba.

Su kuwa wa da ƙane da kawu da goggo, ciyar da su bai zama wajibi na shari'a a kanka ba, saboda haka ya halatta a ba su zakka in mabuƙata ne, kuma mai bayarwa yana da ladan sadaka da na sada zumunci. Attajirai da yawa ba su san wannan ba. Sai mutum ya tara jama'a a ƙofar gida yana rabo, ɗan ƙanensa na can Unguwar Shanu ya kwana da ruwan bunu.

Ƙofa ta biyu, maƙwabci. Iyayenmu suna da abin da suke kira ciyayya: in an sauke tuwon dare, kwano ya fita zuwa gidan maƙwabta, wani kwanon ya shigo. Hikimar abin ita ce, ranar da gida bai girka ba, kwanon maƙwabta yana shigowa kamar kullum, ba wanda ya roƙa, ba wanda ya ji kunya. Manzon Allah (SAW) ya umurci Abu Zarri ya yawaita ruwan miyarsa don ya ɗebar wa maƙwabta. Kuma ya yabi ƙabilar Ash'ariyyawa saboda in guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai, har ya ce shi nasu ne su ma nasa ne.

Mu mutanen Kaduna sai mu ƙara lura da wani abu. A Unguwar Rimi da Malali da Kabala da Abakpa, maƙwabcinka yana iya zama ba Musulmi ba. Haƙƙin maƙwabtaka bai faɗi ba saboda wannan. An ruwaito cewa an yanka wa Abdullahi ɗan Amru akuya, ya riƙa tambaya ko an kai wa maƙwabcinsa Bayahude. Zakkar farilla tana da masu ita, amma sadakar nafila da kwanon tuwo sun halatta ga duk mai jin yunwa.

Ƙofa ta uku, masallaci da zakka. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa kashi 8 na masu cin zakka, ta fara da faƙiri da miskini. A wajen malamanmu na Malikiyya, faƙiri shi ne wanda abin hannunsa ba zai kai shi shekara ba, miskini kuwa wanda ba shi da komai. Ka ga ashe ma'aikaci mai albashin da ke ƙarewa ran goma ga wata, da ɗan acaɓa mai iyali takwas, suna iya shiga cikin masu haƙƙi ko da rigarsu a goge take. Ga ire-iren abin da shari'a ta ajiye wa irin waɗannan gidaje:

1. Zakkar hatsi. Nisabinta wasƙi 5, watau sa'i 300, wanda malaman zamani suka ƙiyasta da kimanin kilo 653, kusan buhu shida da rabi ke nan na mai kilo 100. Noman damina a fitar da 1 cikin 10, noman da aka shayar da inji ko jigo 1 cikin 20. Wanda ya sami buhun dawa 30 da ruwan sama, buhu 3 ba nasa ba ne. Lokacinta kaka, ba a jiran shekara.

2. Zakkar kuɗi da kayan kasuwa. Nisabinta dinari 20, kimanin giram 85 na zinariya, in shekara ta kewayo. Ana fitar da Naira 1 cikin kowace 40. Mai miliyan 40, miliyan 1 ke kansa.

3. Zakkar fid-da-kai. Sa'i 1, watau mudun Annabi 4, a kan kowane mutum, daga abincin da garin ya fi ci. Ya halatta a fitar kwana ɗaya ko biyu kafin Salla. A kula, mudun Annabi daban yake da mudun kasuwa.

4. Kaffarar rantsuwa, ciyar da miskini 10. Kaffarar karya azumi da gangan, ciyar da miskini 60.

5. Naman layya da na suna.

Malamanmu sun ce asali a raba zakka a wurin da ta wajaba, kada a ɗauke ta zuwa nesa sai in can sun fi buƙata. Saboda haka zakkar ɗan kasuwar Kawo, matalautan Kawo ne farkon masu haƙƙi a kanta. Wasu jihohi sun kafa hukuma ta musamman, kamar Hukumar Zakka da Hubusi ta Kano da aka kafa a 2003. A unguwanninmu kuwa, galibi mai zakka limamin masallacinsa yake tambaya ya nuna masa mabuƙata. To liman zai ambaci wanda bai sani ba? Ya ɗan'uwa, ka tsaya bayan sallar Asuba in jama'a sun watse, ka gaya wa liman halinka tsakaninka da shi. Ke kuma ki gaya wa malamar ajinku ko matar liman. A yi wannan tun kafin kaka da kafin Ramadan, lokacin da ake rubuta sunaye, ba ranar rabo ba.

Ƙofa ta huɗu, mai unguwa da hukuma. Tun daga 2016 gwamnatin tarayya take tattara rajistar gidaje matalauta ta ƙasa, daga cikinta ake zaɓen waɗanda ake ba tallafin kuɗi. Yadda aka tsara abin, ma'aikata ne ke zuwa unguwa su tara jama'a, maza daban, mata daban, matasa daban, jama'ar su faɗi da bakinsu gidajen da suka fi shan wahala, sa'annan a bi gida-gida a rubuta bayani. Kun ga shaidar nan ta hadisin Ƙabisa ta sake dawowa ko? A watan Oktoba 2023 aka ƙaddamar da shirin ba gidaje miliyan 15 Naira 25,000 a wata har wata uku. Biyan ya yi ta tsayawa yana ci gaba, kuma aka shardanta lambar katin ɗan ƙasa, NIN, da asusun banki ko na waya. Shiga rajista ba alkawarin samu ba ne, amma wanda ba ya ciki ba a ma zancensa.

Abin yi a nan uku ne. Kowane baligi a gida, musamman uwar gida, ya mallaki NIN, wanda ya manta lambarsa kuma ya danna *346# a layin da ya yi rajista da shi. Na biyu, a buɗe asusu da sunan da ya yi daidai da na katin, domin saɓanin harafi ɗaya yakan hana kuɗi shiga. Na uku, ka san ƙaramar hukumarka. Kawo da Badarawa da Unguwar Dosa da Unguwar Sarki suna Kaduna ta Arewa, sakatariyarsu na Magajin Gari. Tudun Wada da Unguwar Sanusi da Badiko, ko da yake suna wannan hayi na kogi, a ƙarƙashin Kaduna ta Kudu suke. Rigasa kuwa ta Igabi ce. Mutum yakan ƙona kuɗin mota ya je ofishin da ba nasa ba.

Wanda gobara ko ambaliya ta shafa, ko aka kore shi daga ƙauyensa, shi ne na biyu a hadisin Ƙabisa, kuma ƙofarsa ita ce hukumar agajin gaggawa ta jiha, KADSEMA, da ta tarayya, NEMA, wadda aka kafa a 1999, tana kuma da ofishi a nan Kaduna. A kai rahoto wurin mai unguwa da wuri don sunan gidan ya shiga lissafi ranar da ma'aikata suka zo duba ɓarna.

Ƙofa ta biyar, asibitin unguwa. Wannan ta yara ce, kuma ita ce ba ta jira. Babba yana iya jure yunwar wata guda ya murmure, yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kuwa tamowa tana iya kashe shi, ko ta tauye masa girma da ƙwaƙwalwa. Alamominta: rama har haƙarƙari ya fito, gashi ya yi ja ya yi laushi, yaro ya daina wasa, ya ƙi abinci, ko ƙafafu biyu su kumbura. Ki danna bayan ƙafarsa da babban yatsa ki ƙirga uku, in ramin ya zauna a ƙafa biyun, ranar nan za a tafi asibiti, ba gobe ba. Wannan kumburi ba ƙiba ba ce, ba kuma sammu ba ne.

Jihar Kaduna tana da mazaɓu 255, an kuma tsara kowace ta sami cibiyar lafiya a matakin farko. A can ana auna dantsen yaro mai wata 6 zuwa 59 da wani ɗan tef mai launi uku. Kore lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuwa, watau ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Maganinta wani haɗi ne na gyaɗa da madara da mai da sukari a cikin 'yar leda, ana ce masa RUTF, kyauta ake bayarwa a cibiyoyin da aka ware, in babu a wadda kika je sai ki nemi su tura ki inda yake. Yaron da ya galabaita ana kwantar da shi a babban asibiti kamar Barau Dikko ko Yusuf Ɗantsoho na Tudun Wada. Wannan leda magani ce ta yaro ɗaya. Ba a raba ta da yayyensa, ba a dama kunu da ita, sayar da ita kuwa cin amana ne.

Rigakafi kuma ya fi magani. Jariri nono zalla har wata 6, saboda haka in abinci ya yi kaɗan a gida a fifita mai shayarwa da mai ciki. Bayan wata 6 a haɗa masa garin kunun da ake kira Tom Brown: awo 6 na gero ko dawa ko masara, awo 3 na waken suya, awo 1 na gyaɗa. A wanke, a shanya, a soya kowanne sama-sama, a surfe waken a fece, a haɗa a niƙa. A riƙa sa ganyen zogale da ɗan manja a abincin gida.

Ƙofa ta shida, ƙungiyoyi da masu hali. Jama'atu Nasril Islam, wadda aka kafa a 1962 zamanin Sardauna, hedkwatarta a garin nan take. Akwai Fityanul Islam, akwai Izala da kwamitocinta na marayu, akwai ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da aka kafa a 1985. Rassan irin waɗannan sukan tara abinci da tufafi, musamman a Ramadan da lokacin layya, manyan masallatai kuma sukan yi buɗa-baki. A azumin 2024 Gidauniyar Aliko Dangote ta raba buhun shinkafa mai kilo 10 guda miliyan 1 a faɗin ƙasar nan. Irin wannan rabo ma ta hannun shugabannin unguwa da malamai yakan biyo. Sai dai na lokaci ne, ba a gina cin shekara a kansa.

MAS'ALA TA UKU: ABUBUWAN KIYAYEWA

Na farko, turmutsutsu. A watan Disamba 2024, cikin mako guda, yara 35 suka mutu a wurin wani taron rabo a Ibadan, mutum 22 a Okija ta jihar Anambra, mutum 10 a Abuja. Duk abinci suka je nema. Inda aka yi shelar rabo ga kowa da kowa a fili guda, ba kati ba tsari, kada a tura yaro, kada mai ciki ko mai goyo ko tsoho su shiga. Tsare rai yana gaba da mudun shinkafa. Ku kuma masu bayarwa, ku ji tsoron Allah, ku bi gidaje ko ku raba kati ku kira mutane kaɗan-kaɗan, ku nemi 'yan agaji su tsara.

Na biyu, 'yan damfara. Rajistar gwamnati ba a sayar da ita. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗin fom, ko ya aiko saƙo ta WhatsApp ya ce ka danna nan ka sami tallafi, ko ya kira waya yana neman lambar sirrin katinka ko lambar da banki ya turo maka yanzu, ɓarawo ne. Ka kashe wayar.

Na uku, bashin ruwa. Akwai masu ba da rance ta waya, su ba ka kaɗan su karɓi mai yawa cikin 'yan kwanaki, in ka makara su bi lambobin da ke wayarka suna ɓata maka suna. Riba haramun ce, kuma rami ne. Gara ka je wurin mai awo da ya san ka ya ba ka bashin mudu biyu a rubuta, ko 'yan adashi su sa ka ɗaukar farko.

MAS'ALA TA HUƊU: AIKIN DA KE KANMU

A shekara ta 18 bayan hijira aka yi fari a Hijaz, wanda ake kira shekarar toka. Ƙauyawa suka kwararo Madina. Sayyidina Umar ya haramta wa kansa nama da man shanu har jama'a su farfaɗo, ya rubuta wa gwamnoninsa, suka aiko da abinci. Abin lura shi ne, Umar ya naɗa mutane a kan kowane ɓangare na gari suna raba abinci suna kawo masa rahoto, ana ƙirga masu ci, ana kai wa marasa lafiya da yara nasu har inda suke. Tausayi ne aka haɗa shi da lissafi.

Mu ma muna iya yin namu gwargwadon hali. A ce masallaci yana da magidanta 40 masu ɗan rufin asiri, kowa ya kawo mudu 1 na hatsi a wata. Mudu 40 ke nan. In aka ba kowane gida mudu 8, gida 5 sun sami abin ɗorawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sharuɗɗan irin wannan asusu su ne:

(a) A sa amintattu uku, kuma lalle a sami mace a ciki, domin mata su suka san gidan da hayaƙi bai tashi ba.

(b) Abin da ya shigo da abin da ya fita a rubuta a karanta wa jama'a, amma sunayen masu karɓa su tsaya tsakanin mutum ukun nan.

(c) A fara da gidan marayu, da mai jinya, da inda ake da mai ciki ko ƙaramin yaro, da baƙin da aka koro daga ƙauye.

(d) A kai har gida, da dare in zai yiwu, ba hoto ba shela. An ruwaito cewa Aliyu ɗan Husaini, Zainul Abidina, yakan saɓa buhu da dare ya kai gidajen matalautan Madina, ba su san mai kawowa ba sai da ya rasu abin ya yanke.

(e) Inda mai karɓa yake da sana'a, a duba ko ɗan jari zai fi masa, kamar na ƙosai ko awara ko wankau.

(f) Su amintattun nan su zama bakin marasa baki. In mai zakka ya tambaya, ko ma'aikatan rajista sun zo, ga sunaye a shirye.

Ku kuma ɗalibai, ba a ce ku yi leƙen asirin gidan kowa ba, bincike haramun ne. Amma in ka ga abokin zamanka yana gyangyaɗi kullum tun da safe, ko ya daina zuwa saboda kuɗin Laraba, ka raba abin tararka da shi, sa'annan ka gaya wa malaminku a keɓe. Kada ka gaya wa yara, kada ka yi masa gori ko da wasa. In kuma gidanku ne, ka faɗa. Malaminka uba ne.

TAMBAYOYI

1. Kawo mutum uku da hadisin Ƙabisa ya halatta musu nema.
2. Mene ne bambancin faƙiri da miskini a mazhabar Malikiyya?
3. Manomi ya sami buhun gero 20 masu kilo 100 da ruwan sama. Nawa zai fitar? In noman rani ne da inji fa?
4. Waɗanne dangi ne ya halatta a ba su zakka, waɗanne ne bai halatta ba?
5. Faɗi alamomin tamowa guda huɗu.
6. Unguwarku a wace ƙaramar hukuma take, kuma ina cibiyar lafiya mafi kusa da gidanku?

A rubuta amsoshi a kawo ranar Asabar, da boko ko da ajami, wanda ya fi wa mutum sauƙi. Tambaya ta shida a nemi taimakon iyaye.

Allah Ya yalwata mana arziki na halal, Ya ba mu damina mai albarka, Ya mayar da manomanmu gonakinsu cikin aminci, Ya rufa asirin duk magidancin da ya kwana yana tunanin abin da yara za su ci. Abin da muka faɗa daidai Allah Ya ba mu ladansa baki ɗaya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.